Neman makasar sankarar ƙashi

Yaron bai wuce shekara goma sha biyar ba. Ya bugu a filin ƙwallo, saman gwiwarsa ya kumbura, aka kai shi wajen mai ɗori, ya yi wata uku a ɗaure da karare. Da aka ɗaga hoton ƙashin a hasken taga, sai ga zare-zare suna fitowa daga ƙashin cinya kamar tsirkiyar rana. Malaminmu ya dubi mahaifin ya ce, "Baba, wannan ba targaɗe ba ne, sai dai haƙuri." Ostiyosakoma ce, wata sankarar ƙashi. Ina ɗalibi a lokacin, kullum da safe ina takowa daga Gyallesu zuwa tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada, kafin a koma Shika a 2005.

Kafin shekarun 1970 maganin ciwon nan guda ne: a yanke ƙafa. Duk da haka, cikin yara biyar kusan huɗu sukan rasu, domin ciwon ya riga ya yi ƙaura zuwa huhu. A 1972 Norman Jaffe a Boston ya nuna cewa methotrexate mai yawan gaske yana taɓa shi. Aka haɗa da doxorubicin da cisplatin, masu tsira suka kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, idan ciwon bai bazu ba. Tun shekarun 1980 muke nan a tsaye. Magungunan nan gobarar daji ce, ba ta barin ɗanye saboda busasshe take nema. Na ga yaran da suka warke amma ji ya ragu, zuciya ta raunana.

Shi ya sa aka koma irin dabarar maharba, a nemi makasa. A 1986 aka gano ƙwayar gado ta RB1, a 1990 aka danganta TP53 da zuri'o'in da sankara ke bi. Dukansu birki ne a cikin ƙwayar halitta, kuma a ostiyosakoma tsinkewa suke yi. Nan gizo ke saƙar: magani ya iya toshe abin da ya yi yawa, amma da wuya ya mayar da abin da ya ɓace. A 1992 Olivier Delattre a Paris ya gano haɗuwar EWS da FLI1 a sankarar Ewing, ita ma ta ƙashi; makasa ce a fili, amma har yau ba a sami maganin da ya riƙe ta gam ba. Da imatinib ya fito a 2001 ya juya labarin wata sankarar jini, mun ɗauka namu na tafe. A 2011 masana a Cibiyar Sanger ta Ingila suka nuna ɗaya daga cikin dalilan jinkirin: a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na sankarar ƙashi, kayan gadon tarwatsewa suke yi kamar tulun da ya faɗi, a harhaɗa su barkatai. Kowane mara lafiya da irin fasuwarsa.

Inda aka ci nasara, ciwon ƙofa ɗaya gare shi. Ƙarin ƙashi mai manyan ƙwayoyi yana kiran ƙwayoyin da ke cin ƙashi da wani sinadari, RANKL. Denosumab ya toshe kiran, Amurka ta amince da shi a 2013.

Abin da ke ci mini rai kuwa a ɗakin gwajinmu yake. Ƙashi ba ya yankuwa don dubawa a madubin ƙara girma sai an laushe shi. Muna tsoma shi a ruwan asid mai ƙarfi domin sakamako ya fito da wuri, asid ɗin kuma yana ragargaza DNA. Da sinadarin EDTA ba a samun wannan ɓarnar, sai dai yana cin makonni, ga iyaye a bakin ƙofa suna jira. Haka samfuran yaranmu suka yi shekaru suna zama marasa amfani ga mai neman makasa, alhali su ne ke zuwa da ciwon a mafi muninsa. Yanzu duk ƙarin da aka kawo mini, nakan fara yankar ɓangare mai laushi in keɓe shi, in rubuta lamba, sannan sauran ya shiga asid.