Hali Zanen Dutse? Darasi daga Rayuwar Charles de Foucauld

Hausawa na cewa hali zanen dutse, ba mai iya shafe shi. Tarihin wani Bafaranshe da ya ƙare rayuwarsa a Tamanrasset, can kudancin Aljeriya, ya isa a auna wannan magana da shi.

An haifi Charles de Foucauld a birnin Strasbourg a 1858, ya rasa uwa da uba a 1864, kakansa ya rene shi. Da ya zama hafsan soja, sai ya shahara da lalaci da almubazzaranci da dukiyar gado, har aka dakatar da shi daga aiki a 1881 saboda rashin ɗa'a. Bayan shekara biyu, wannan malalacin ne ya ɓad da kama ya shiga Maroko a matsayin Bayahude, ya yi wata goma sha ɗaya yana zana taswirar ƙasar a ɓoye, ransa a hannu.

Ganin yadda Musulmi suka riƙe salla ya tayar masa da tunanin Ubangiji. A 1886 ya koma ga addininsa na Kirista, a 1890 ya rabu da dukiya ya rungumi zuhudu. A 1905 ya sauka Tamanrasset, lokacin tana ɗan ƙauye mai 'yan bukkoki, a ƙasar Musa ag Amastan, sarkin Buzayen Ahaggar. Nan ya duƙufa kan ƙamusun harshensu, wanda aka buga cikin juzu'i huɗu a 1951 da 1952.

A 1908, ana tsakiyar fari, ciwo ya kwantar da shi. Buzayen suka bi gari suna tattaro nonon awaki har ya farfaɗo. Wanda ya zo da niyyar bayarwa ya koyi karɓa, yana dab da shekara hamsin. Duk da haka bai yanke hulɗa da sojojin mulkin mallaka ba, yana aika musu da labarin yankin har zuwa ranar 1 ga Disamba, 1916, da mahara suka harbe shi a ƙofar gidansa.

To, me ya sauya, me ya tabbata? Alƙiblarsa ta juya sau da dama, zuciyarsa kuma ta yi laushi da shekaru. Amma wuce gona da iri bai taɓa barinsa ba: yadda ya kai maƙura a holewa, haka ya kai a ibada da bincike. Ashe zanen na nan a kan dutse, sai dai rayuwa ce ke zaɓar inda dutsen zai fuskanta.