Gefen da Direba Ba Ya Gani: Daga Yaron Mota Zuwa Na'urar Rada

Kowace babbar mota tana da gefen da direbanta ba ya gani. Direban tirela can sama yake zaune, kuma mai keke ko ɗan acaɓa da ya raɓo ta wajen ƙofar fasinja yakan ɓace masa ɗungurungum. Da motar ta karya kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sai su yanke ta ciki su bi ta kan wanda ke wurin. Fiye da shekara ɗari ke nan ana neman maganin wannan makanta, kuma tarihin neman ya nuna abu guda. Ƙera abin da zai hango mutum bai taɓa zama mai wuya kamar ƙera abin da direba zai yarda da maganarsa ba. Duk dabarar da ta rasa amincewar direba, komai tsadarta, ƙarshenta a kashe ta ko a cire ta.

Idon farko na mutum ne. A tseren motoci na Indiyanafolis a Amurka, a 1911, masu tsere sukan ɗauki makanike a gefe don ya riƙa duba musu baya. Ray Harroun ya ƙi ɗaukar kowa, ya kafa madubi a gabansa, kuma shi ya ci tseren. A ƙasar Hausa wannan aiki ya daɗe a hannun yaron mota: shi ke leƙawa ta taga, shi ke dira ya yi jagora idan za a yi ribas, bugu ɗaya a jikin bodi direba ya taka birki, shi kuma ya ruga da weji. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne yaron ba ya bugu a banza, domin ya san bambancin turken lantarki da tsohuwa mai tallan goro. Turai ta bi hanyar ƙara madubai. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta wajabta wa sababbin manyan motoci ƙarin madubai, ta 2007 kuma ta ce a sanya wa tsofaffi su ma, bayan an ƙiyasta cewa wannan makanta na cin rayuka kusan 400 a shekara. Sai dai direba mai madubi shida ido biyu ne da shi, kuma kafin ya gama zagaya su mai keke ya riga ya shigo.

Wata mafitar ita ce rada, wadda ba sabuwar fasaha ba ce. Tun a 1904 wani Bajamushe, Christian Hülsmeyer, ya yi rajistar na'urar da ke aika igiyar rediyo ta daki jirgin ruwa ta dawo, don kauce wa karo cikin hazo. Babban gwajinta na farko a motocin haya ya zo a farkon shekarun 1990, lokacin da kamfanin Greyhound na Amurka ya ɗaura na'urar VORAD a bas-bas ɗinsa kimanin 1,500, da rada a gaba da kuma a gefe. Cikin 'yan shekaru aka cire su. Na'urar tana gani, amma tana yawan kuka kan abin da ba hatsari ba, direbobi kuma suka gaji. Wanda aka firgita sau ɗari a banza ba zai waiwaya a na ɗari da ɗaya ba, ko da a wannan karon rai ne a gefen tayarsa.

Birnin Landan ne ya mayar da wannan darasi doka. Daga 2015 zuwa 2017 manyan motoci ba su wuce kashi 4 cikin ɗari na zirga-zirgar birnin ba, amma da su aka yi kashi 63 cikin ɗari na hatsarin da ya kashe masu keke. A Maris 2021 aka fara tilasta wa motocin da suka haura tan 12 neman izini, bisa taurarin da ake ba su gwargwadon abin da direba ke gani kai tsaye ta gilashi. A lokacin an karɓi na'urorin da ke ƙara da zarar wani abu ya matso, ko shinge ne ko mota a fake. Daga Oktoba 2024 aka tsaurara: dole na'urar ta gane mai keke da mai tafiya a ƙasa, ta yi shiru idan turke ne ko motar da ke tsaye. Kafin nan Mercedes-Benz ya fito da Sideguard Assist a 2016, rada a gefen fasinja da ke kunna fitila mai ruwan ɗorawa idan akwai mutum, ta koma ja da ƙara idan karo ya gabato. Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan ga duk sabuwar babbar mota daga Yuli 2024.

Idan aka fahimci wannan tarihi, gyaran na'urar ma sai ya sauya ma'ana, domin abin da makanike ke ƙoƙarin tsarewa shi ne gaskiyarta. Rada ta fi kyamara jure duhu da ƙura da hazo, amma taɓo mai kauri da ya daskare a fuskarta yana dushe ta. Ƙarfen da ke riƙe da ita in ya ɗan lanƙwashe sakamakon gogar wata mota, sai ta koma kallon kwalta ko jikin bodi, ta yi ta kuka ba dalili. Idan ba a saita mata tsawon motar ba, takan ɗauki tirelar da take ja a matsayin baƙo duk lokacin da aka shiga kwana. Wayar sigina da ta tsinke kuwa tana hana ta sanin cewa direba zai juya. Shi ya sa ake farawa da wanke fuskar, a duba ƙarfen da fiyus da wayoyi, sannan wani ya zagaya gefen motar a ga ko fitila za ta kama, kafin a ce na'urar ta mutu.

Akwai masu cewa rada tana sa direba sakaci, kuma gara a saukar da kan mota ƙasa a faɗaɗa gilashi. Suna da hujja, shi ya sa Landan ta fifita gani kai tsaye. Amma babu gilashin da zai nuna abin da ke wajen tayoyin bayan tirela mai mita 16. Wasu kuma za su ce a Kano ko Maraɗi, inda babura da a-daidaita-sahu ke manne da kowace mota, na'urar ba za ta yi shiru ba, yaron mota ya wadatar. Cunkoson gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da zai sa a nemi irin mai kunna fitila kawai, wadda ba ta ƙara sai direba ya sa sigina. Yaro kuwa yana barci, kuma ba ya gani cikin dare. Motocin da Turai ta wajabta wa rada a 2024 su ne za su iso tashoshinmu a matsayin na hannu nan da wasu shekaru. Idan masu gyaran wayoyin mota ba su koyi saita ta ba, ranar da ta fara kukan ƙarya za a sa almakashi a yanke wayarta, a maimaita abin da ya faru da Greyhound shekara talatin da suka wuce.