Tsamiya: Tsutsar Daji Mai Yi wa Sarakuna Sutura

Duk wanda ya taɓa duban tsohuwar babbar riga irin ta sarakuna, mai aska takwas a ƙirji da tambari a baya, ya ga wani zare mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ƙyallinsa kaɗan ne amma ƙarkonsa ya wuce misali. Sunan wannan zare tsamiya, kuma wadda take saƙa shi wata tsutsa ce ta daji, 'yar wani ƙwaro dangin faɗa-wuta, watau irin malam-buɗe-littafin nan da ke yawo da dare. An ba zaren sunan itaciyar tsamiya ne domin a jikinta aka saba samun gidan tsutsar, ko da yake ana samunsa a kan doka da waɗansu itatuwan.

Rayuwar wannan ƙwaro tana tafiya ne tare da damina. In ruwa ya sauka sai macen ta zuba ƙwai a bayan ganye, ta lulluɓe su da gashin jikinta. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe ba sa rabuwa. Tare suke kiwo, in za su tashi kuma sai su jeru ɗaya bayan ɗaya kamar ayarin fatake. Jikinsu cike yake da gashi mai sa ƙaiƙayi, wanda ke korar masu son cinsu. Da damina ta ja baya sai su taru, wani lokaci ɗaruruwa, su saƙa gida guda, kowace kuma ta yi nata ɗan ɗaki a ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana. Launin gidan ya yi kama da ɓawon itace da busasshen ganye, har mutum ya wuce ta gindin itaciyar bai lura ba. A nan suke kwanciya duk tsawon rani, sa'an nan su fito da fukafukai in damina ta kewayo.

Mutanen ƙauye su ne suka san inda gidajen suke. Sukan ɓamɓaro su, su kai kasuwa, fatake su yi gaba da su zuwa Kano da Zariya da Bida da Ilori. Aikin da ya rage na mata ne. Sai an dafa gidan cikin ruwan toka domin danƙon da ya haɗe shi ya saki, a wanke, a shanya, a tsefe, kana a kaɗa shi da mazari kamar auduga. A nan ya bambanta da silikin ƙasar Sin, inda ake kiwon tsutsa a gida da ganyen wata itaciya, a warware zare guda mai tsawon ɗaruruwan yadi daga kwanso ɗaya. Zaren tsamiya ba ya warwaruwa haka, kuma bai cika karɓar rini ba, shi ya sa galibi ake barinsa da launin da Allah ya yi shi. Yarabawa suna kiransa sanyan, kuma tufar da aka saƙa da shi tana cikin mafi daraja a wurinsu.

A ƙarni na 19, zamanin Daular Usmaniyya, riga ta zama alamar muƙami da girmamawa. Sarki yakan yi wa wanda ya naɗa ko baƙon da ya karrama kyautar riga, kuma yawancin masu yi mata aikin allura malamai ne da almajiransu. Tsamiya tana da abokin gasa a wancan lokaci, shi ne alharini, jan silikin da Larabawa ke kawowa ta hamada. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a shekarar 1851, ya kuma rubuta cewa kayan ɗaruruwan raƙuma na wannan siliki suna shigowa birnin kowace shekara daga wajen Tarabulus. Duk da haka alharini bai ture tsamiya ba, kowanne da wurin da ya dace da shi a jikin riga.

Masanan Turai sun zo daga baya. A shekarar 1855 wani masanin ƙwari na Ingila, Francis Walker, ya sa wa dangin sunan Anaphe. A 1887 kuma Herbert Druce ya raɗa wa wani iri daga cikinsu sunan Alfred Moloney, Gwamnan Ikko na lokacin. Kafin Yaƙin Duniya na Farko 'yan kasuwar Jamus sun yi ƙoƙarin mai da wannan siliki hajar fitarwa daga Afirka, amma cinikin bai yi tsawon rai ba.

Har ila yau, likitoci ma sun sami abin koyo daga wannan tsutsa. A ƙasar Ijesha, inda ake cin wani irinta da damina, an daɗe ana fama da wata cuta mai sa makyarkyata da tangaɗi. A shekarar 1993 wani likitan Nijeriya, Bola Adamolekun, ya danganta cutar da cin tsutsar, a 2000 kuwa bincike ya tabbatar da cewa akwai wani sinadari a jikinta da ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya ci.

Yau zaren masana'anta mai ƙyalli da arha ya cika kasuwa, keken ɗinki ya karɓe yawancin aikin allura, gatarin masu itace da gawayi kuma yana cin dazuzzukan doka. Sajewa da ɓawon itace ta kāre tsutsar daga tsuntsu, amma ba ta da dabara in an sare itaciyar. Sai dai akwai abu guda da ke ba da fata. Tun da kaɗa tsamiya ake yi, hujin da ƙwaron ya fita ta cikinsa ba ya ɓata zaren, saboda haka mai haƙurin da ya jira har gidan ya zama kango zai sami zarensa, ya kuma bar iri domin baɗi. Wanda ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ya ɗebe gida da masu gidan a ciki, shi ne zai koma gindin tsamiya wata shekara ya tarar babu kome.