Yadda Aka Koyi Rage wa Tiransimita Ƙarfi

Mai sauraron Precious FM ko gidan rediyon jiha na NBS a Lafia ba ya ganin akwatin da ke gindin doguwar eriyar tasha. A cikinsa akwai amfilifaya, wadda ke karɓar sigina mai rauni ta ninka ƙarfinta kafin ta hau iska. Abin da ya daɗe yana ba injiniyoyi ciwon kai game da ita shi ne hana ta wuce gona da iri.

Bayan Lee de Forest ya ƙera kwalbar lantarkinsa a Amurka a 1906, kowa ƙarin ƙarfi yake nema. A 1912 Edwin Armstrong ya gano cewa in aka mayar da kaɗan daga abin da ya fita zuwa mashiga, ƙarfi sai ya ninku. Amma da zarar abin ya yi yawa, na'urar kan ɓarke da kuka, kamar lasifikar masallaci idan liman ya matso da makirfo kusa da ita. Kukan rediyo kuwa ba ya tsayawa a ɗaki. Eriya yake bi ya faɗa akwatin maƙwabta. A farkon shekarun 1920 Louis Hazeltine ya magance wani ɓangaren matsalar da ɗan kafasita mai soke siginar da ke komowa ta ɓarauniyar hanya.

Babban sauyin ya zo a watan Agusta na 1927. Harold Black, injiniya a Bell Labs, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson ya zana dabararsa a shafin jarida: a gina amfilifaya mai ƙarfin da ya zarce buƙata, sannan a juya wani kaso na fitarta a mayar da shi domin ya danne rarar. Ƙarfi ya ragu, amma murya ta fita tas, na'urar kuma ta natsu. Masu ba da shaidar ƙirƙira sun yi ta shakka, har sai 1937 suka amince. A ganina wannan zane ya fi ƙirƙire-ƙirƙire da yawa da ake yayatawa amfani.

Tiransisto ya zo a 1947, matsalar ta biyo shi. Irin wanda ake sakawa a tiransimitar FM yau yana da ƙarfin ninkawa sosai, sigina kaɗan in ta zarce sai ya ƙone. Shi ya sa ake jera resistoci a mashigarsa domin su rage siginar. Ragin desibel 3 kawai, a ma'aunin sigina, kan zaftare rabin ƙarfi.

Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a Najeriya tun 1992, da aka kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai, tashoshi masu zaman kansu suka yawaita. Zangon FM yana ƙarewa a megahaz 108, daga nan na jiragen sama ya fara. Tiransimitar da ta ƙwace tana iya shiga na'urorin matuƙin da ke sauka a filin jirgin sama na Kwandare.