Giya da ƙofar bariki a Arewacin Nijeriya

Duk ɗalibin Hausa ya san kalmar bariki ba ta tsaya ga masaukin sojoji ba. Idan aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, ba a nufin sun sa kaki. Ana nufin sun bar tarbiyyar gida, sun faɗa rayuwar da babu mai kwaɓa. Wannan yaɗuwar ma'ana tana da tarihi, kuma babban ɓangarensa ya rataya a kan wanda hukuma ta yarda a sayar wa giya, da wurin da ta yarda a sayar.

A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, wadda ta taƙaita shigar da barasa cikin Afirka, musamman inda addini ya hana shanta. Da Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, ya ci Kano da Sakkwato a 1903, sai ya riƙe wannan hani. Ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, kuma hana barasa hanya ce mai arha ta nuna ya cika alkawari. Dokar giya ta 1917 ta tabbatar da Arewa a matsayin yankin da aka haramta sayar wa 'yan ƙasa barasar Turai. Sai dai haramcin bai hau kan kowa ba. Bature yana shan abinsa da izinin gwamnati, haka ma wasu baƙi da ba 'yan asalin Arewa ba.

Soja baƙar fata kuwa matsayinsa ya zama mai wuyar fayyacewa. Rundunar da Lugga ya haɗa a 1897 cike take da masu jin Hausa, har Hausa ta zama harshen da hafsa yake magana da kurtu. Amma an zaunar da su a bayan ganuwa, a ƙarƙashin hafsoshinsu, inda alƙali da dogarin sarki ba su da iko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin baƙi, a cikinsu har da tsofaffin sojoji, kuma unguwar ta daɗe ba ta hannun Sarkin Kano, sai a 1940. Mutumin birni da ya leƙa waɗannan wurare ya ga abin da aka hana shi ana yin sa a fili. Daga nan barikanci ya sami ma'anar da yake ɗauke da ita har yau.

Kasuwar da ta fi shahara a wannan fanni, abin mamaki, da kunu ta fara. A 1959 wata matar soja 'yar ƙabilar Idoma, Mami Ochefu, ta soma sayar da wani abin sha na gero a barikin Inugu. Aka ba ta wuri a gefen bariki, sauran mata suka bi sahu, wurin ya zama Kasuwar Mami. Mijinta, Anthony Ochefu, ya zama gwamnan soja a 1975. Sunan ya bi rundunar duk inda ta sauka, har ya kai da wuya a sami babban bariki a ƙasar da ba shi da tasa mami, mai shaguna da gasasshen kifi da mashaya. Dokar soja ta ɗauki maye a matsayin laifi, amma horon wanda ya bugu yana hannun kwamandansa. Mai shago ba ruwansa da kakin mai saye.

Tsohuwar iyakar ta sake bayyana lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Zamfara a watan Oktoba na 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi bayansa. Tsarin mulki ya sa sha'anin soja a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai, saboda haka dokar jiha takan tsaya a bakin ƙofar bariki. Hukumar Hisba ta Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, ta sa an murƙushe kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a a watan Nuwamba na 2013, amma ba ta shiga mami. Sakamakon haka farar hula ne suka riƙa neman inuwar soja, suna tururuwa da yamma zuwa wurin da aka gina domin masu kaki.

Wannan cunkoso ya jawo wa kasuwannin idon masu tada ƙayar baya. A daren 31 ga Disamba, 2010, bam ya tashi a kasuwar mami ta barikin Mogadishu a Abuja. Ranar 29 ga Mayu, 2011, ranar da aka rantsar da Shugaba Goodluck Jonathan, wasu bama-baman suka tashi a ta barikin Shadawanka da ke Bauchi, mutane da dama suka rasa rayukansu.