Ta'aziyyar Shugabanni ga Iyalan Sojoji: Tarihin Wata Gardama

Ta'aziyyar shugaba ga iyalan soja ita ce jajen da shugaban ƙasa, ko firaminista, ko ministan tsaro kan yi wa iyaye ko matar sojan da ya rasu a bakin aiki. Takan zo a wasiƙa, ko ta waya, ko kuma shugaban ya taka da ƙafarsa zuwa wurin jana'iza. Ba ta cikin haƙƙoƙin kuɗi da ake biyan magada, ba ta kuma mayar da wanda ya tafi. Duk da haka ta sha jefa shugabanni cikin tsaka mai wuya, domin jama'a sun ɗauke ta a matsayin ma'aunin darajar da mai mulki ke ba rayukan mutanen da ya tura yaƙi. Gardamar da aka fi sani a kanta a wannan ƙarni ta samo asali ne daga wani hari da aka kai a ƙasar Nijar a 2017.

Ma'aunin Bahaushe

A Madarumfa ta jihar Maraɗi a Nijar, kamar sauran ƙasar Hausa, ƙafa ce ke yin ta'aziyya. In aka yi rasuwa maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata su taru a ciki, mai zuwa gaisuwa ya zauna a yi addu'a a shafa fatiha, ya tambayi masu rashi ya haƙuri. Wanda bai samu jana'iza ba yana da sadakar uku, yana da ta bakwai, yana da ta arba'in. Wanda duk waɗannan suka wuce shi bai leƙo ba, kuma bai aiko wani a madadinsa ba, to an rubuta masa, ko da ba a faɗa masa ba. Matar mamacin kuwa tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, saboda haka ƙofar gaisuwa a buɗe take tsawon lokaci.

Malamai kan kafa hujja da abin da ya faru bayan yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib na cikin kwamandoji uku da suka yi shahada a ranar. Manzon Allah (SAW) da kansa ya tafi gidan Ja'afar, ya rungumi 'ya'yansa, sannan ya umarci a dafa wa iyalin abinci domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Shugaba ne ya je gidan sojansa, bai jira an zo masa ba. Wannan shi ne misalin da ke cikin kan mai sauraron rediyo a Maraɗi ko Katsina duk lokacin da ya ji ana maganar yadda wani shugaba ya yi da iyalan sojoji.

Ba wai Hausawa ba su san wasiƙa ba. Sarakunan ƙarni na 19 sun riƙa aika wa juna takardu da Larabci, magatakarda ne ke rubutawa, a buga hatimin sarki. Ba a damu da cewa ba hannun sarki ne ya riƙe alƙalamin ba, tunda manzo ne zai kai takardar, ya durƙusa ya isar da saƙon da baki. Takardar shaida ce kawai, mutumin shi ne saƙon.

Daga Lincoln zuwa na'urar sa hannu

A ƙasashen Turawa abin ya bi wata hanya, saboda yawan mamatan da yaƙoƙinsu suka riƙa haifarwa da kuma yaɗuwar gidan waya. Wasiƙar da ta fi shahara ita ce wadda aka aika da sunan shugaban Amurka Abraham Lincoln ranar 21 ga Nuwamba 1864 zuwa ga wata gwauruwa a Boston, Lydia Bixby, wadda aka ce 'ya'yanta biyar sun mutu a yaƙin basasa. Daga baya bincike ya nuna ba duka biyar ɗin suka mutu a fagen daga ba. Asalin takardar ya ɓata, kuma har yau masana na jayayya ko Lincoln ne ya tsara ta ko sakatarensa John Hay. Wato tun daga wasiƙar da ake koyi da ita aka fara tambayar wa ya rubuta.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa rubutu da hannu ya gagara. Birtaniya ta ƙera faifan tagulla sama da miliyan ɗaya ɗauke da sunayen mamata, ta aika wa iyalansu tare da gajeriyar takarda daga Sarki George na Biyar mai kwafin sa hannunsa. A yaƙin Falklands na 1982 kuwa, da mamatan Birtaniya suka tsaya a 255, firaminista Margaret Thatcher ta rubuta wa iyalansu da hannunta. Wannan ya zama abin da ake gwada na bayanta da shi.

A Disambar 2004, ana tsakiyar yaƙin Iraƙi, ta bayyana cewa ministan tsaron Amurka Donald Rumsfeld ba shi ke sa hannu a wasiƙun ta'aziyya ba, wata na'ura ce mai kwaikwayon sa hannu ke yi masa. Wani kanal mai ritaya, David Hackworth, ya tayar da maganar, jaridar sojoji ta Stars and Stripes ta bi diddigi. Mamatan Amurka a Iraƙi sun riga sun haura dubu a lokacin. Rumsfeld ya kare kansa da cewa gaggawar isar da saƙon ce ta sa, ya kuma yi alkawarin daga nan zai riƙa sa hannu da kansa. 'Yan majalisa har na jam'iyyarsa, irin su Chuck Hagel, suka yi masa ca. Shugaba Bush ya goyi bayansa, ya ci gaba da riƙe muƙaminsa har ƙarshen 2006, amma tabon bai goge ba.

Shekara biyar bayan haka aka ga kishiyar wannan a Ingila. Firaminista Gordon Brown shi da hannunsa yake rubutawa. A Nuwambar 2009 mahaifiyar wani soja ɗan shekara 20 da aka kashe a Afganistan ta kai wasiƙarsa ga jaridar The Sun, tana kukan cewa ya rubuta sunan gidansu ba daidai ba, ga kurakurai a cikin kalmomi. Brown ya kira ta a waya don ba ta haƙuri, aka naɗi hirar aka buga. Sai dai reshe ya juye da mujiya. Mutane sun san Brown ya rasa ganin idonsa ɗaya tun yana saurayi sanadin wasan rugbi, da ƙaton alƙalami yake rubutu, kuma shi ma ya binne jaririyarsa a 2002. Jaridar kuwa ba ta daɗe da janye goyon bayanta daga jam'iyyarsa ba. Da yawa suka ga an yi amfani da hawayen uwa ne don siyasa. Abin dariya a ƙarshe, ita kanta jaridar ta kuskure rubuta sunan a shafinta na intanet, sai da ta nemi gafara. Rumsfeld ya sha suka don bai taɓa takardar ba, Brown ya sha don ya taɓa ta da hannu mai rauni.

Akwai kuma tambayar wa ya cancanci wasiƙar. Fadar shugaban Amurka ta daɗe ba ta aika wa iyalan sojan da ya kashe kansa. A Yulin 2011 shugaba Barack Obama ya sauya wannan ga waɗanda abin ya faru da su a fagen yaƙi, bisa hujjar cewa ciwon da yaƙi ke sa wa zuciya shi ma rauni ne.

Tongo Tongo

Ranar 4 ga Oktoba 2017 mayaƙan ƙungiyar IS ta yankin Sahara suka yi wa ayarin askarawan Nijar da na Amurka kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo, a jihar Tillaberi, daf da iyakar Mali. Amurkawa huɗu suka mutu, tare da sojojin Nijar huɗu da tafinta ɗaya. Gawar ɗaya daga Amurkawan, wani saje ɗan shekara 25, sai bayan kwana biyu aka gano ta.

Kwana goma sha biyu shugaban Amurka Donald Trump bai ce uffan a bainar jama'a ba. Da 'yan jarida suka tambaye shi ranar 16 ga wata, sai ya ce ya rubuta wasiƙu za a aika, ya ƙara da cewa Obama da wasu shugabannin baya ba su cika kiran iyalai ba. Tsoffin ma'aikatan Obama suka ƙaryata shi nan take. Washegari ya kira matar sajen, tana cikin mota za ta tarbi gawar mijinta, ga ta da juna biyu. 'Yar majalisa Frederica Wilson, wadda ke cikin motar, ta ce Trump ya gaya wa matar cewa mijinta ya san abin da ya sa kansa a ciki. Trump ya musanta. Shugaban ma'aikatan fadarsa, Janar John Kelly, wanda shi ma aka kashe ɗansa a Afganistan a 2010, ya fito ranar 19 ya kare shi, ya ce shi ya ba shi shawarar kalaman, ya kuma caccaki 'yar majalisar. Kwana huɗu bayan nan matar ta yi magana a talabijin, ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yadda shugaban ya riƙa laluben sunan mijinta.

Gardamar ta tono abin da ya fi ta girma. Manyan 'yan majalisar dattawa, ciki har da Lindsey Graham, suka amsa cewa ba su san yawan sojojin Amurka da ke Nijar ba, alhali sun kai kusan 800, ana kuma gina sansanin jirage marasa matuƙi a Agadas. Amma duk tsawon makonnin da aka kwashe ana cacar baki, sunaye huɗu ne duniya ta haddace. 'Yan Nijar biyar da suka faɗi a wuri ɗaya, rana ɗaya, a matsayin adadi kawai aka riƙa ambatarsu a ƙarshen labari.

Nijar da Nijeriya

A nan ba sa hannu ake gardama a kai ba. Tambayoyin su ne: nawa suka mutu, yaushe gwamnati ta yi magana, ina aka binne su, wa ya halarta.

Da aka kai wa sansanin Inates hari ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojoji 71, shugaban Nijar Isufu Mahamadu ya katse tafiyarsa a Masar ya dawo gida, aka ayyana zaman makoki na kwana uku. Ya halarci jana'izar a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai, inda aka binne su, kuma kwanaki kaɗan bayan haka shugabannin ƙasashen G5 Sahel suka je makabartar suka yi addu'a. Ta fuskar girmamawa ba a rage komai ba. Sai dai binnewa a Yamai na da nata nauyin. Iyalin da ke Madarumfa ko Gabi ko Ɗan Isa, in ɗansu na cikin irin waɗannan mamata, tafiyar sama da kilomita 600 ce tsakaninsu da kabarin. Za a yi zaman makoki a ƙofar gida ba a ga gawa ba, ba a sallace ta a gari ba.

Wata ɗaya bai cika ba sai ga harin Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020. Sanarwar farko ta ce sojoji 25, bayan kwana uku adadin ya koma 89. Aka sauke babban hafsan sojoji Janar Ahmed Mohamed, aka naɗa Janar Salifu Modi. Sannan binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro ya fito da maganar asarar biliyan 76 na sefa wajen sayen makamai, kuma zanga-zangar da aka yi a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 ta ƙare da mutuwar mutum uku. Daga nan jawabin ta'aziyya ya rasa kaifi, domin mai sauraro na tambayar kansa ko da kayan aikin da aka biya kuɗinsu sun iso, da yaran nan suna raye.

A ƙetaren iyaka, a Nijeriya, ma haka take. Bayan harin Metele na 18 ga Nuwamba 2018 a jihar Borno, an yi kusan mako guda kafin a ji ta bakin shugaba Muhammadu Buhari, rundunar soji ta ce 23 suka mutu, wasu majiyoyi suka ce sun haura ɗari. Da jirgi ya faɗi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021 da babban hafsan sojan ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu sojoji goma, washegari aka binne su a Abuja, shugaban yana garin amma bai je ba, mataimakinsa ma haka. An fitar da saƙon ta'aziyya a rubuce, bai hana surutu ba. Shugaba Bola Tinubu ya ɗauki darasi: ranar 27 ga Maris 2024 ya halarci jana'izar sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta, ya ba su lambobin yabo, ya yi wa iyalansu alkawarin gidaje da karatun 'ya'ya.

Madarumfa ba ta tsaya a matsayin mai jin labari daga nesa ba. Tun wajen 2019 'yan bindigar Zamfara da Katsina ke tsallako iyaka suna satar shanu da mutane, suna fakewa a dajin Baban Rafi, abin da ya sa aka girke rundunar Farautar Bushiya a jihar Maraɗi. Soja da jandarma yanzu maƙwabta ne da ake gani a kasuwa.

Sojojin da suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazum ranar 26 ga Yuli 2023 sun kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro. A farkon Oktoban shekarar aka kashe sojoji 29 a kusa da Tabatol ta jihar Tawa. Salon bai sauya ba: sanarwa a talabijin, adadin mamata, da zaman makoki na kwana uku.