Gidan da Aka Gina a Ƙarƙashin Bahar Maliya

Alhazanmu na da, waɗanda suka bi hanyar ƙasa zuwa Makka, sun san Sawakin a matsayin mashigar jiragen Jidda. Abin da ke ƙarƙashin jiragen nan kuwa, wato duwatsun murjani, matuƙa ne kaɗai ke lura da shi, su ma don tsoro. Da murjanin aka gina benayen Sawakin, shi ne kuma ya ƙuntata mashigarta har manyan jirage suka kasa shiga. Saboda haka Turawan Ingila suka fara gina Port Sudan a 1905, tsohon garin ya shiga zubewa.

A ganina, tarihin yawon nutso a wannan gaɓa ya fara ne da yaƙi. A watan Yunin 1940, jirgin Italiya mai suna Umbria yana tsare a hannun sojan ruwan Ingila kusa da Port Sudan, ɗauke da bama-bamai kimanin 360,000. Kyaftin ɗinsa ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, sai ya sa aka nutsar da shi don kada kayan su faɗa hannun abokan gaba. Yana nan kwance har yau, kifaye na shige da fice a ɗakunansa. Bayan yaƙin, Hans Hass, mutumin Ostiriya, ya zo ya ɗauki hotunansa, Turai ta fara ganin abin da ruwan Sudan ya ɓoye.

Wanda ya fi barin suna shi ne Jacques Cousteau na Faransa, wanda shi da Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi ta masu nutso a 1943. A 1963 ya kafa ɗan ƙauye a Sha'ab Rumi, arewa da Port Sudan. Babban gidan yana zurfin mita 10, mutanensa suka zauna ciki wata guda, suna dafa abinci, suna shan taba, har da aku a tare da su. Wasu biyu suka yi mako guda a wani ɗaki mai zurfin kusan mita 30. Fim ɗin da aka yi a kan aikin ya ci kyautar Oscar. Sai dai ban yarda a kira shi aikin son teku zalla ba, domin kamfanonin man fetur na Faransa na cikin masu ba da kuɗin, kuma abin da suke son sani shi ne ko ɗan'adam zai iya zama a ƙasan teku ya yi musu aiki.

Daga baya masu hutu suka biyo sawu, yawanci Turawa, su kwana mako guda a jirgi suna neman kifin shak mai kan guduma. Ba su taɓa yawa kamar na Masar ba, saboda wahalar biza da rashin otal-otal, abin da ya rage wa 'yan ƙasa riba amma ya bar murjanin da ransa. A 2016 UNESCO ta sa Sanganeb da Dungonab, inda wani ɗan'uwan ayu ke kiwo, cikin wuraren gadon duniya.

Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, gwamnati ta koma Port Sudan, mashigar ta cika da masu gudun hijira zuwa Jidda, baƙin nutso suka ɗauke ƙafa. Rumfar ƙarfen da Cousteau ya bari tana nan a Sha'ab Rumi, murjani ya lulluɓe ta.